Ciwo a Ƙafa, Tushe a Baya: Fashin Baƙi Kan Sayatika da Aikin Likitan Fisiyo

Me ya sa mutum zai je asibiti da kukan ƙafa, likita ya ce masa baya ne ba lafiya? Kuma in da gaske jijiya ce aka matse, ta yaya motsa jiki zai yi maganin abin da ya gagari allura da ƙwaya? A kan waɗannan tambayoyi biyu mafi yawan masu wannan ciwo suke raba gari da asibiti.

Wanda ya taɓa ɗanɗanawa ba ya bukatar kwatance. Zugi ne da ke tasowa daga tsatso ko mazaunai, ya gangaro ta bayan cinya, ya wuce gwiwa ya sauka sharaɓa, wani lokaci har yatsun ƙafa. Wani ya ce kamar an jona masa wutar lantarki, wani ya ce kamar ana tsiyaya masa ruwan zafi a cikin tsoka, wani kuwa minjirya ce da sagewa. Atishawa ɗaya, sai ka ga ƙaton namiji ya dafe bango. A unguwa kuma kowa likita ne. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce basir ne ya sauka ƙafa, wata gwaggo ta rage murya ta ce a dai bincika ko ya tsallaka wani abu. Kafin a tuna da asibiti an yi ƙaho, an sha jiƙo, an karɓi allura biyar a kemis.

Wace jijiya ake nufi?

Kalmar jijiya a Hausa jakar magori ce. Wadda jini ke bi jijiya ce, wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi kamar agara ita ma jijiya ce, haka nan wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Ta ukun nan ake magana, wato jijiyar laka. Ba jini ne ya tsaya ba, ba kuma mataccen jini ne ya taru ba.

Gadon bayan ɗan Adam jerin ƙasusuwa ne 33: 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji, 5 a tsatso, sauran kuma sun manne da juna a can ƙasa. Laka tana bi ta tsakiyarsu, rassan jijiyoyi suna fita ta 'yan kafofi dama da hagu. Rassa biyar na ƙasa, waɗanda za ka gani a takardar hoto an rubuta su L4, L5, S1, S2 da S3, su ne ke haɗuwa su zama igiya ɗaya mai kaurin babban yatsan hannu. Duk jikin mutum babu jijiyar laka da ta kai ta kauri da tsawo. Tana ratsa mazaunai, ta bi bayan cinya, ta rabu biyu a wajen bayan gwiwa, rassanta su ƙarasa har tafin ƙafa. Ciwon da ke bin wannan hanya shi likitoci ke kira sayatika.

Ka ɗauke ta kamar wayar wuta. In waya ta sami matsala a jikin fol, a ɗaki za ka ga kwan fitila yana farfari. Ko kwai goma ka canza, aikin banza ne. Haka ƙwaƙwalwa take: an taɓa jijiya a tsatso, amma saƙon da ke isa gare ta yana cewa sharaɓa ce ke ci da wuta. Shi ya sa ƙaho da tsaga a sharaɓa ba sa kaiwa ga inda abin yake.

Sannan sayatika ba sunan cuta ba ne, sunan alama ne, kamar yadda zazzaɓi yake. Mai zazzaɓi sai an bincika a san maleriya ce ko taifot. Mai sayatika ma tambayar ita ce: mene ne ya taɓa jijiyar?

Ciwon ba baƙo ba ne. Larabawa suna ce masa irƙun nasa, kuma malaman tafsiri, wajen bayanin aya ta 93 a Suratu Ali Imrana, sun kawo cewa Annabi Yaƙub, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi fama da shi. Wasu kan ji sunan su zaci "nisa'i" aka ce, su ɗauka ciwon mata ne, alhali sunan jijiyar ne kawai, kuma ciwon bai bar maza ba. Wani likita ɗan Italiya, Domenico Cotugno, ya bambance shi da ciwon gaɓar ƙugu a 1764. Amma sai a 1934 likitoci biyu a Boston ta Amurka, William Mixter da Joseph Barr, suka wallafa aikin da ya gamsar da duniyar likitanci cewa yawanci faifan baya, wato guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, shi ne ke jawo shi.

Gammon da ke tsakanin ƙasusuwa

Tsakanin ƙashi da ƙashi a gadon baya akwai wani faifai na guringuntsi. Aikinsa aikin gammo ne: ya raba nauyi, ya hana ƙashi gugar ƙashi. Gefensa zobe ne mai tauri, tsakiyarsa kuma tana da laushi kamar bargo. Idan zoben ya tsage, abin da ke ciki sai ya turo waje, kuma reshen jijiya yana nan dab da wurin. Kusan 9 cikin kowane 10 na masu sayatika wannan ne sanadinsu, kuma akasari a faifai biyu na can ƙasa abin ke faruwa, tsakanin ƙasusuwan da su ma ake kira L4 da L5, ko tsakanin L5 da S1, domin nan ne nauyin jiki ya fi sauka.

Mutane kan ce faifai ya goce, kuma wannan lafazi yana yin ɓarna. Faifan a manne yake da ƙashin sama da na ƙasa, ba ya zamewa kamar murfin tukunya. Saboda haka babu wanda zai taka maka baya ko ya ja ka ya mayar da shi gurbinsa, komai ƙarar da ka ji bayan ya yi. Abu na biyu, ba matsi kaɗai ke kawo zugin ba. Abin da ya fito daga cikin faifan yana ƙona jijiya, ta kumbura, ta zama ko iska ba ta so. Da kumburin ya sauka ciwo kan lafa, ko da hoto zai nuna faifan yana nan yadda yake.

Wannan nau'i ya fi kama masu shekara 30 zuwa 50, wato daidai masu ciyar da gida. Ɗan dako da ke sunkuyawa ya cicciɓi buhu yana murɗa jiki, direban tirela da mota ke jijjiga shi daga Kano har Legas, ɗan acaɓa, tela da ke wuni a duƙe kan keke, matar da ke jan guga tana goye da yaro. Shan taba da ƙiba suna ƙara hatsarin, gado ma yana da hannu. Sau da yawa kuma babu wani abin kirki da mutum ya yi, ya sunkuya ɗaukar buta ne kawai abin ya tsarga masa.

Na tsofaffi daban ne. Da shekaru suka ja, ƙashi da guringuntsi kan yi kauri, hanyar da jijiyoyi ke bi ta tsuke. Irin wannan dattijo in ya miƙe ya fara tafiya sai ƙafafu su yi nauyi su ɗauki zugi, in ya zauna ko ya ɗan duƙa sai ya ji sauƙi. Za ka ga yana iya tuƙa keke zuwa gona amma tattaki zuwa masallacin Juma'a ya gagare shi. A riƙe wannan bambanci, domin zai dawo idan an zo maganar atisaye. Akwai kuma wanda ƙashin bayansa guda ya ɗan zamo gaba a kan na ƙasansa, da mai juna biyu, da wanda tsokar cikin mazaunai ce ke damun jijiyar, ko da yake wannan na ƙarshe bai kai yawan yadda ake yayata shi a intanet ba.

Abubuwan da bai kamata a manta da su a ƙasarmu ba

Yawancin abin da ake rubutawa kan sayatika daga Turai da Amurka yake fitowa. A nan akwai abubuwa uku da dole likita ya sa a rai.

Tarin fuka ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana cin ƙashin baya, kuma yana iya farawa da ciwon baya mai sauka ƙafa. In ciwon ya haɗu da rama, zazzaɓin yamma, gumin dare, ko wani ƙusumbi ya fara tasowa a gadon baya, to ba maganar atisaye ba ce, maganar gwaji ce da maganin watanni. Mai sikila kuma kan ƙashin cinyarsa kan lalace saboda yankewar jini, ya riƙa ɗingishi da ciwo a matsematsi da cinya, a yi ta ce masa jijiya alhali gaɓar ƙugu ce.

Na ukun shi ya fi ci mini rai, domin da hannu ake jawo shi. Allurar da aka soka a mazaunai ba a gurbin da ya dace ba tana iya samun wannan jijiya kai tsaye. Yara sun fi shiga wannan hatsari saboda ba su da tsoka mai kauri. Yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi wurin wanda bai san makamar aiki ba, a dawo gida yana tsala ihu, washegari a ga yana jan ƙafa, tafin ba ya ɗagawa. Sassan fisiyo na asibitocinmu, inda ake jinya ta hanyar motsa jiki, sun saba ganin irin waɗannan yara. Wurin allura shi ne can sama ta gefen waje, ba tsakiyar mazaunai ba, kuma ga ƙananan yara cinya ta fi aminci. Zazzaɓin da sirof zai iya saukarwa bai kai a yi cacar ƙafar yaro a kansa ba.

Shin sai an yi hoto?

Mai ciwo yakan ji kamar ba a kula shi ba in ba a tura shi hoto ba. Amma hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna faifai, ba ya nuna jijiya. MRI ne ke nunawa, wato hoton da ke nuna har tsoka da jijiya, shi kuma ga tsada, ga shi yana nuna har abin da ba a tambaye shi ba.

A 1994 an wallafa wani bincike a Amurka inda aka yi wa mutum 98 hoton MRI, dukkansu ba mai ciwon baya. Kashi 52 cikin 100 an ga faifansu ya kumburo aƙalla a wuri ɗaya, kashi 27 kuma ya turo waje. Kashi 36 ne kacal aka samu duk faifansu lafiya lau. Ma'ana, sauyin faifai kamar furfura yake, yana zuwa da shekaru, kuma ganinsa a hoto ba ya nufin shi ne mai laifi. Na sha ganin wanda ya karanta takardar hotonsa ya fi shiga tashin hankali fiye da yadda ciwon ya sa shi, ya daina sunkuyawa, ya daina aiki, ya mai da kansa gilashi.

Shi ya sa hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce kada a riƙa yin hoto haka kawai, sai in sakamakonsa zai sauya abin da za a yi wa mutum: ana tunanin tiyata, ko ana zargin wata cuta ta daban. A makonnin farko, tambaya da gwajin hannu sun wadatar ga mafi yawan mutane.

Ga wani abin mamaki kuma. Jiki yana cinye abin da ya fito daga faifan da kansa, kamar yadda yake shanye kumburin targaɗe. Wani nazari na 2015 da ya tattara bincike da dama ya nuna cewa gutsuren da ya ɓalle gaba ɗaya shi ya fi saurin narkewa, har kashi 96 cikin 100, alhali ɗan kumburi marar tsagewa kashi 13 ne. Wato hoton da ya fi tsoratarwa sau da yawa shi ya fi kyan makoma.

Kwanciya ko motsi?

Da can ko a Turai kwanciya ake ba mai sayatika, a ce ya miƙe a kan katako mako biyu. A 1999 aka wallafa gwajin da aka yi a Holan da mutum 183: rabi aka kwantar da su mako biyu, rabi aka ce su ci gaba da harkokinsu gwargwadon iko. Bayan mako 12, kashi 87 cikin 100 sun sami sauƙi a kowane ɓangare. Kwanciyar ba ta ƙara komai ba. Doguwar kwanciya kuwa tana da nata kuɗin: tsoka ta saki, gaɓoɓi su ƙage, barci ya lalace, tsoron motsi ya shiga rai.

Wannan ba ya nufin a yi jarumtar banza. Kwana ɗaya ko biyu na farko, in zugin ya hana tsayuwa, a kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ko a rigingine a ɗora ƙafafu kan matashi. Amma a riƙa tashi ana ɗan zagaya tsakar gida.

Adadin can na kashi 87 yana kuma bayyana wani abu. Duk abin da mutum ya sha ko aka shafa masa a mako na biyar, shi zai ce ya warkar da shi. Mai ƙaho ya samu yabo, mai jiƙo ya samu, ganin ciwon dama yana kan hanyar tafiya.

Gashi ake zuwa yi?

Hausawa suna kiran sashen fisiyo da sashen gashi ko gashin ƙashi, kuma sunan ya zame wa sana'ar ƙarfen ƙafa. Mutum yana zuwa da tunanin zai kwanta a haska masa jar fitila, a manna masa na'ura mai tsikara, a shafa man zafi, ya tashi. In aka ce ya sauko ƙasa ya yi atisaye sai ya ga an raina masa hankali. Ka ji dattijo yana cewa, "Likita, ni fa ƙafa na kawo maka, me ya kai ka baya?" Likitan ya ce, "Baba, yi haƙuri ka kwanta, ƙafar da kanta za ta ba ka amsa."

Amsar kuwa tana cikin gwaji. Za a sa shi rigingine a ɗaga ƙafar a miƙe a hankali. In jijiyar ce, tun ƙafar ba ta yi nisa ba zugin zai tsarga har ƙasan gwiwa. Za a ce ya taka a kan diddige, sannan a kan yatsu. Wanda ya kasa tafiya kan diddige, ko babban yatsansa ba ya ɗagawa da ƙarfi, reshen L5 ake zargi. Wanda ya kasa ɗage kan yatsu, gefen ƙafarsa na waje ya sage, S1 ke nan. Za a ɗan buga gwiwa da agara da 'yar gudumar roba. Da waɗannan kaɗai ƙwararre zai iya nuna maka wurin da abin yake kafin a ga hoto. Zai kuma yi tambayoyin da ka iya zama abin kunya, game da fitsari da bayan gida da kwanciyar aure. A amsa su tsakani da Allah, dalilinsu yana tafe.

Daga nan sai neman alkiblar da ciwon ke so. Wani likitan fisiyo ɗan Niyu Zilan, Robin McKenzie, shi ya yi fice da wannan lura tun shekarun 1950: akwai motsin da in an maimaita shi, ciwo kan janye daga sharaɓa ya koma cinya, daga cinya ya koma mazaunai, har ya tattare a tsatso. In haka ta faru alama ce mai kyau, ko da bayan ya ɗan ƙara ciwo. In kuwa motsi yana tura ciwon ƙasa zuwa yatsu, a dakata. Wannan ma'auni ne da kowa zai iya amfani da shi a gida.

Ga masu matsalar faifai da yawa, alkiblar ita ce banƙarewa: a yi rub da ciki, a dogara kan gwiwar hannu, a ɗago ƙirji a bar ƙugu a ƙasa. Amma ka tuna dattijon nan mai tsukakkiyar hanya. Shi banƙarewa ƙara tsuke masa hanyar take yi, abin da ke yi masa daɗi shi ne jawo gwiwoyi zuwa ƙirji. Ciwo iri ɗaya a baki, magani kishiyar juna. Nan ne hatsarin kwaikwayon bidiyon TikTok ko YouTube mai cewa ga atisaye uku da ke kashe sayatika cikin minti biyar. Mai bidiyon bai gwada ka ba.

Akwai kuma atisayen zarya da jijiya. Jijiya lafiyayya tana zamewa a cikin tsoka kamar zariya a cikin wando. In ta kumbura sai ta riƙa maƙalewa. Ana koya wa mutum ya zauna, ya miƙe gwiwa yana ɗaga kai, ya lanƙwashe yana sunkuyar da kai, a hankali, ba tare da ya ja ta har ta yi zafi ba. Kumburarriyar jijiya ba ta son a miƙar da ita da ƙarfi, kuma masu dagewa sai sun taɓo yatsun ƙafa da hannu sukan kwana suna da-na-sani.

Da zugin ya lafa sai aikin da ya fi muhimmanci, wanda kuma aka fi gudu: ƙarfafa tsokar ciki, baya, mazaunai da cinya, da tattaki da ake ƙara tsawonsa mako bayan mako, da sake koyon sunkuyo da ɗaukar kaya. Mafi yawan mutane a nan suke ɓacewa, sai an sake ganinsu bayan wata takwas da ciwon ya dawo.

To ina matsayin na'urorin? Ƙa'idar NICE ta 2016 ta ce kada a yi wa mai ciwon baya ko sayatika jan baya da na'ura, kada a ba shi bel ɗin ɗaure ƙugu, kada a yi masa na'urar tsikara da lantarki ko ta sautin da kunne ba ya ji, domin hujjar amfaninsu ba ta tsaya ba. Tausa da murza gaɓoɓi kuma ta yarda da su ne kawai in an haɗa da atisaye. Wasu likitocin fisiyo suna da ja a kan wannan. Suna cewa ɗumi yana sassauta tsoka har mutum ya iya motsawa, kuma majinyacin da ba a taɓa shi da komai ba ba zai dawo ba. Akwai gaskiya a ciki. A ganina gashi ba laifi ba ne in share fage ne. Amma in ka yi zuwa goma, kullum fitila da na'ura, ba a taɓa ba ka abin da za ka yi a gida ba, kuɗinka kake ƙonawa. Wanda fatarsa ta sage kuma, ko mai ciwon suga, ya yi hattara da ruwan zafi, yana iya ƙonewa bai ji ba.

Har ina amfanin fisiyo ya kai?

Ba daidai ba ne a zuzuta. Binciken da aka yi kan fisiyo a sayatika bai nuna abin al'ajabi ba. A wani gwaji a jihar Yuta ta Amurka da mutum 220, waɗanda aka tura fisiyo da wuri na mako huɗu sun fi sauran samun sauƙin gudanar da harkokinsu bayan wata shida, amma tazarar matsakaiciya ce. Masu suka na cewa lokaci ne ke warkarwa, fisiyo rakiya kawai yake yi.

Ko da haka ne, rakiyar ba ƙaramin abu ba ce. Mutumin da ke cin abinci da ƙarfinsa, bambancin ya koma aiki a mako na huɗu da ya koma a wata na huɗu shi ne bambancin cefane da bashi. Sannan akwai idon da ke duba ƙarfin ƙafar duk mako, wanda zai fara ganin in abin yana taɓarɓarewa. Sai dai a tabbatar ƙwararre ne. A Najeriya hukumar MRTB, wadda aka kafa da doka mai lamba 38 ta 1988, ita ke yi wa likitocin fisiyo rajista, kuma ba duk mai shagon tausa da na'urar da aka sayo a kasuwa ba ne likitan fisiyo. Manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika duk suna da wannan sashe. Matsalar ita ce mutumin karkara, wanda kuɗin mota kaɗai zai hana shi zuwa sau biyu a mako. Irinsa ya faɗa wa likita gaskiya tun ranar farko, a tsara masa abin da zai yi a gida, ya riƙa dawowa jefi-jefi a duba.

Ƙwaya, allura da wuƙa

Magungunan rage kumburi irin su ibuprofen da diclofenac suna ɗan taimaka wa wasu na gajeren lokaci, amma suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, suna tayar da hawan jini. Haɗin da ake ƙulla wa mutane a leda a kemis sau da yawa irinsu biyu ko uku ne a wuri ɗaya. Pregabalin, wanda ake rubutawa da sunan maganin jijiya, an gwada shi a Ostareliya kan mutum 209, aka wallafa a 2017: bai fi ƙwayar bogi rage ciwon ƙafa ba, sai dai ƙarin jiri. A 2020 NICE ta ce a daina ba da shi da danginsa don sayatika. Tramadol kuwa ba sai an gaya wa ɗan Arewa inda yake kai mutum ba. Akwai allurar da ƙwararru ke yi a kusa da jijiyar a gadon baya ga wanda zugin ya yi wa tsanani, tana ba da sauƙi na ɗan lokaci, kuma ba ita ce allurar kemis ba.

Tiyata ita ce abin tsoro, domin an yi imani duk wanda aka taɓa wa baya ba ya ƙara tashi. Aikin da aka saba yi ƙarami ne, gutsuren da ke danne jijiya kawai ake cirewa. A 2007 an wallafa gwaji daga Holan kan mutum 283 da suka yi mako 6 zuwa 12 suna fama. Waɗanda aka yi wa aiki da wuri sun fi saurin rabuwa da ciwon ƙafa. Amma bayan shekara guda, kusan kashi 95 cikin 100 sun warke a duka ɓangarorin, ko da yake kusan kashi 39 na masu jiran sun ƙare da yin aikin daga baya. Tiyata dai sauri take saya. Wanda zai iya jurewa yana da damar jira, wanda watanni suka wuce ciwo ya hana shi barci da neman abinci kuma bai yi laifi ba in ya zaɓi aiki.

Alamomin da ba a kwana da su

Laka tana ƙarewa ne a saman tsatso. Daga nan zuwa ƙasa jijiyoyi ne a tattare kamar gashin wutsiyar doki, kuma da wannan suna likitoci ke kiransu a Latin. Su ke riƙe da mafitsara, dubura da al'aura. In babban gutsure ya danne su gaba ɗaya, awoyi ake ƙirgawa, ba kwanaki ba. Fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba a sani ba, bayan gida ya kufce, tsakanin cinyoyi da wajen zama ya sage har mutum ba ya jin ruwa in yana tsarki, ciwo ya kama ƙafa biyu lokaci guda: ko tsakar dare ne a nufi babban asibiti. Jinkiri a nan yana iya barin mutum da robar fitsari har ƙarshen rayuwarsa, kuma kunya ce ke sa da yawa su yi shiru.

Haka nan in ƙafa tana ƙara rauni kullum, takalmi yana zamewa, yatsu suna jan ƙasa. Ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko hatsarin mota. Ko mutum ya taɓa yin kansar mama ko ta mafitsara. Sharaɓar da ta kumbura ta yi zafi kuma wataƙila gudan jini ne, ba a tausa ta.

Gona, mota da sallaya

Shawarar a daina ɗaukar kaya mai nauyi tana da sauƙin faɗa a ofis. Ɗan dako ba shi da wata sana'ar. Abin da zai yiwu shi ne a raba buhu biyu, a jawo kaya jikin ciki kafin a ɗaga, a juya da ƙafafu maimakon murɗa ƙugu. Manomi da ke duƙe da fartanya ya riƙa miƙewa a ƙarshen kowace kunya, ya dafa ƙugu ya ɗan banƙare. Direba ya cire walat daga aljihun baya, ya naɗe tawul ya sa a tsatso, in an tsaya shan mai ya sauko ya taka. Matar da ke wanki ta ɗora bahon a kan turmi ko benci. Wanda tsugunon masai ke tayar masa da ciwo ya sami kujera mai rami na 'yan makonni.

Sai salla, wadda ita ce tambayar da dattawa suka fi yi. Ruku'u da sujada sukan tsananta ciwon faifai a makonnin farko, tsayuwa mai tsawo kuma ta fi wahalar da mai tsukakkiyar hanya. Sauƙin yana nan a hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda rashin lafiya ta dame shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Kujerar ta ɗan lokaci ce. Likitan fisiyo zai iya mayar da komawa sujada ya zama shi ne abin da ake auna ci gaba da shi: wannan mako ruku'u rabi da hannu a kan cinya, mako mai zuwa cikakke, sannan sauka ƙasa da dafa kujera, har ranar da goshi zai taɓa sallaya ƙafar ba ta ce komai ba.